Madubin na'urar hangen nesa ba ya zama daram a sararin samaniya

Ana yawan zaton cewa tunda babu iska a sararin samaniya, madubin na'urar hangen nesa zai zauna daram ba tare da kulawa ba. Ba haka abin yake ba, domin zafi yana miƙar da jikin na'urar, sanyi kuma yana tsuke shi, har Hubble, na'urar hangen nesa da ke kewaya duniya, takan ɗan sauka daga saiti yayin da take shiga inuwar duniya tana fita. Wata na'urar hangen nesa mai suna James Webb, da aka harba a 2021, tana da laima mai hawa 5 da ke tare mata rana, amma duk da haka ana auna jeruwar madubanta 18 a kai a kai, kuma ƙananan injina a bayansu suna gyara karkacewar da ba ta kai kaurin silin gashi ba.