Gas ɗin da ba ya wari, da bututun da ba a ƙirga haɗurransa

Duk wanda ke girki da tukunyar gas ya san warin nan mai hawa kai da ke tashi idan tiyo ya huje ko kan tukunyar bai zauna daidai ba. Da gangan ake zuba wa gas sinadarin da ke kawo warin, domin hanci ya riga ashana ganewa. Gas ɗin da ya fito daga rijiya kuwa ba a riga an zuba masa komai ba, kuma a haka yake bin bututun da ke kwaso shi daga rijiyoyi zuwa masana'antar tacewa. Su ake kira bututun tattara gas.

A watan Agustan 2018, a gundumar Midland da ke jihar Texas ta Amurka, irin wannan bututu mai faɗin inci 10 ya huje. Hujin bai fi ƙaramin kwabo ba, kuma taku kaɗan ne tsakanin bututun da gidan wasu mutane. Gas ya yi ta tsiyaya, babu wanda ya ji wari, sai tashin wuta. Yarinya 'yar shekara uku ta rasu, iyayenta da 'yar'uwarta suka ƙone. Bututun bai shiga cikin waɗanda dokar kariya ta gwamnatin tarayya ta shafa ba, saboda a karkara yake.

Shekara da shekaru masu harkar gas na Amurka suna kare kansu da cewa irin waɗannan bututu ba su cika haddasa haɗari ba, a duba alƙaluma. To amma alƙaluman wa? Kafin 2021, sama da mil 400,000 na bututun tattara gas ba su da wajibcin kai rahoto ga PHMSA, hukumar tarayya mai kula da lafiyar bututu. Ya fashe, ya kama da wuta, ya ci rai, ba dole ba ne ya shiga kundinta. Wanda bai buɗe littafin bashi ba, ai ba ya bugun ƙirji ya ce ba a binsa ko sisi. A ganina duk wani lissafin yawan haɗari da aka yi kafin 2021 bai isa hujja ba, ko ga masu cewa lafiya lau, ko ga masu cewa bala'i ne.

Asalin giɓin tsoho ne. Dokar kariyar bututun gas ta 1968 ta tsame bututun tattara gas na karkara, kuma ma'aunin da ake bi ƙidayar gidaje ne: idan gine-ginen da mutane ke zaune ciki ba su wuce 10 ba a tsawon mil ɗaya, cikin yadi 220 ta kowane gefen bututun, wurin ya faɗa rukunin da ba a cika damuwa da shi ba. Gida na goma sha ɗaya ne ke jawo wa sauran kariya. Ban ga yadda za a yi wa mai gida na tara bayanin wannan ba.

Gaskiya ne, a wancan zamani akwai hankali a cikin lamarin. Bututun tattarawa ƙanana ne, ƙarfin gas ɗin cikinsu kaɗan ne, kuma har gobe akasarinsu haka suke. Tilasta wa ƙaramin kamfani ya bi kowane siririn bututu da irin binciken da ake yi wa manya zai iya sa ya rufe rijiya. Wannan ƙorafi ba shirme ba ne.

Sai dai haƙar gas daga dutsen shale, wani irin dutse da ke riƙe da gas a can ƙarƙashin ƙasa, ta sauya girman abin. Ofishin binciken majalisar dokokin Amurka, GAO, ya ja kunne a 2012 da 2014 cewa sababbin bututun tattarawa sun yi faɗi, ƙarfin gas ɗinsu ya ƙaru, wasu har sun kamo manyan bututun da ke ratsa jihohi. Suna dai bai sauya ba, don haka doka ta ci gaba da ɗaukar su yara. Ga shi ɗanyen gas na tafe da ruwa da sinadarai masu cin ƙarfe ta ciki. A Yunin 2010, kusa da Darrouzett a Texas, katafila ta sari bututu mai inci 14, ma'aikata biyu suka mutu. A Satumbar 2018 bututun Revolution mai inci 24 a gundumar Beaver ta Pennsylvania ya fashe bayan ruwan sama ya zaftare ƙasar da ke riƙe da shi, ya cinye gida guda, alhali bai fi mako da fara aiki ba. Jihar ta ci tarar kamfanin da ya mallaki bututun sama da dala miliyan 30.

A Nuwambar 2021 PHMSA ta fitar da ƙa'idar da ta wajabta kai rahoto a kan dukkan bututun, ta kuma ɗora sharuɗɗan kariya a kan kimanin mil 90,000 masu faɗin inci 8.625 zuwa sama. An yi abin kirki, ko da yake an makara. Amma kashi mafi yawa rahoto kawai ake nema daga gare su, wato a sanar bayan mai aukuwa ta auku.

Abin da ya sa nake kawo wa mai karatu zancen Texas shi ne Kolmani. Aikin haƙar mai da gas da aka ƙaddamar a can, a iyakar Bauchi da Gombe, a Nuwambar 2022 ya ƙunshi shirin masana'antar tace gas, kuma gas ba ya isa masana'anta sai ta irin waɗannan bututu, ta cikin gonaki da burtali. Idan aikin ya kankama, ina so in ji dagatan yankin sun nemi taswirar inda bututun zai bi, da zurfin da za a binne shi, da sunan hukumar da za a kai wa rahoto idan manomi ya ga ciyawa ta bushe a layi ɗaya a tsakiyar damina, alamar gas na tsiyaya a ƙarƙashinta.