Yawan megafiksel ba shi ne kyawun hoto ba

Masu sha'awar ɗaukar hoto da yawa a Sakkwato suna zaton kyamarar da ta fi yawan megafiksel (ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto, kowane ɗaya ɗigo miliyan ne) ita ce ta fi fitar da hoto mai kyau, shi ya sa suke raina kyamara ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita, idan megafiksel ɗinta bai da yawa. Wannan kuskure ne. Allon talabijin na 4K bai wuce megafiksel 8 da ɗoriya ba, don haka kyamara mai megafiksel 12 ta wadaci duk wanda zai saka hotunansa a Facebook. Abin da ya fi tasiri shi ne girman sensa (ɓangaren da haske ke sauka a kai a cikin kyamara) da ingancin gilashin kyamara, domin su ne ke tattara haske, musamman da almuru ko a cikin ɗaki. Misali, kyamarar Nikon D3300, wadda ta fito a 2014, sensarta ta fi ta wayar salula girma nesa ba kusa ba.

Abin da ya kamata mai sayen ta hannu ya kula da shi a nan shi ne ƙurar hunturu. Ya ɗauki hoton farin bango a f/16, wato saitin da ke tsuke ƙofar shigar haske, sannan ya buɗe shi a kwamfuta. Idan ya ga baƙaƙen ɗigo, ƙura ta sauka a kan sensa, sai ya nemi a rage masa kuɗin goge ta daga farashin kyamarar.