Yadda na so in yaudari sauron Mabera

Duk ɗan ƙanwata yaj ja min wanga abu, shi da ke karatun kimiyyar halittu a jami'a. Muna zaune ƙofar gida nan Mabera bayan isha'i ina ta tafi da sauro kamar mai biki, sai yac ce Kawu ka san ƙwari na auna tsawon dare kuwa? Wai agogo gare su cikin kai, in sunka ga dare na ƙara tsawo rana na gajarta sai su san sanyi na tafe, su aje komai su shiga dogon kwana, macen sauro ma ta bar cizo ta koma shan ruwan fure tana tara kitse, ta samu lungu ta lafe wata da watanni. Ni dai "ta bar cizo" kaɗai kunnena ya kama, sauran ko oho.

Washegari ana sallame la'asar na fiddo barguna ukku na liƙe tagogi, na toshe ƙasan ƙofa da tsohon buhu, ɗaki yay yi baƙi ƙirin. Lissafina in ba su dare na awa 15 kullum har sati, su ɗauka sanyin Ingila ya sauka Sakkwato. Uwargida ta leƙo tac ce Malam lafiya, wa ya rasu? Nic ce kimiyya ce ba ki ganewa.

Watan Agusta fa, ga gumi ga ba wuta. Jama'a ashe katin walima na raba, sauron da sai magariba suke fitowa aiki ranan tun ƙarfe huɗu sunka kama ni, ina kwance ina jiƙewa ina marin kaina, jim kaɗan in kunna tocilar waya in duba ko sun fara gyangyaɗi. Kwana ukku na daure, goshina ya koma kamar bayan kada.

Da yaron ya dawo ya gan ni sai da ya zauna ƙasa don dariya. Wai Kawu ai wancan sauron ƙasashen sanyi ne, inda rana ke kai awa 16 sannan ta dawo 8, mu nan tsakanin doguwar rana da gajera bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Kuma tun suna tsutsa cikin ruwa suke awon, sai dai in kwatocin Mabera duka za ka lulluɓe da bargo. Tocilar nan ma da kake haskawa, ɗan haske tsakar dare ya isa ya ɓata lissafi ƙwaro ya ɗauka daren gajere ne.

Nic ce to mi ya hana ka faɗa tun farko? Yac ce ya faɗa, ina tafi ban ji ba.

Uwargida dai ta ɗaura gidan sauronta ta shige da yara, tac ce masani ya fara wanke bargunan tukun.