Liƙi a Camden

Wani Bature abokin karatuna ne ya ja ni. Ya same ni a ɗakin karatu jikinsa na rawa, wai ya samo tikiti biyu na wasan mawaƙin da yake mutuwar so tun yana ɗan sakandare. Mutumin jagoran wata ƙungiyar kiɗan rok ne, irin masu cika filin ƙwallo su yi ta dukan jita har mutum ya kwana kunnensa na kuka. Amma wannan karon shi kaɗai zai zo, ba makaɗa ba 'yan amshi, a wani ɗan ɗaki a Camden, arewacin Landan.

Na ce, "To shi da yake cika filin ƙwallo, me ya yi zafi? Ko karayar arziki ce?"

Ya ce ko kusa, al'adarsu ce. In ƙungiya ta watse ko ta tafi hutu, sai jagoran ya saɓa jitarsa ya koma ƙananan wuraren da ya faro. Ya ba ni misali da Paul McCartney na tsohuwar ƙungiyar kiɗan Beatles, wanda a watan Disamba na 2010 ya gangara gidan ƙasa na 100 Club a titin Oxford, wurin da bai wuce cin mutum 350 ba, ya yi wasa da rana tsaka lokacin da ake fargabar za a rufe wurin. Filin Wembley kuwa mutum 90,000 yake ɗauka. Na ce ai ba baƙon abu ba ne, mu ma Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe Arewa shekara da shekaru. Ya ce bai san shi ba. Na ce mun yi kunnen doki.

Ni dai a saninmu, in za ka je gaban babban mawaƙi ba ka zuwa a wulaƙance. Na fito da farar shaddata da na taho da ita daga Kano saboda Sallah, na kafa hula, na yi wanka da turare. Na biya ta kantin wani ɗan Pakistan na canjo fam ashirin zuwa biyar-biyar, ko da wani abu zai taso. Da muka haɗu a bakin tashar Camden Town, abokin nawa ya dube ni sama da ƙasa ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Ladabin Turawa ke nan, su ga kana shirin faɗawa rami su ce hularka ta yi kyau.

A ƙofa wani ƙaton baƙin mutum ya duba tikiti, ya kama hannuna ya danna mini hatimi a bayansa. Ina gangara matakala ina lissafin ko tawadar nan za ta hana ruwan alwala shiga. Da na isa ƙasa na ga ashe wannan ƙaramar matsala ce. Babu kujera ko ɗaya. Silin ɗin in ka ɗaga hannu za ka taɓa shi. Daɓen kuwa ya sha abin da ya sha shekaru aru-aru, duk takun da na yi sai takalmina ya yi ɗaf kafin ya saki. An hana shan taba a irin wuraren nan tun 2007, saboda haka babu hayaƙin da zai rufa wa sauran wari asiri. Jama'ar duk baƙaƙen riguna, yawanci dattawa masu sanƙo da tumbi, ga ni fari fat a tsakiyarsu, kowa na matsa mini hanya don ya zaci ina cikin masu wasan.

Aka fara da wani siririn yaro da ya yi waƙa huɗu ko biyar kansa a sunkuye. Na tafa masa iyakar ƙarfina, har da "Sai kai!" Abokina ya raɗa mini cewa wannan ɗan share fage ne.

Wajen ƙarfe tara wani dattijo ya hau dandamali cikin koɗaɗɗen wandon jins, riƙe da kofin shayi. Ya sunkuya ya manna wata takarda a ƙasa, ya gyara waya, ya murɗa kunnuwan jita. Na ce a raina Allah sarki, ɗan aikin ma ya tsufa a bakin aiki. Sai ɗakin ya kaure da ihu. Ashe shi ne. Takardar da ya manna jerin waƙoƙin da zai yi ne, da manyan baƙaƙe saboda ido ya fara ja baya.

Na zo da shirin ƙara, har da abin toshe kunne a aljihu. Amma yana taɓa tsirkiya ɗakin ya yi tsit. Mutum sama da ɗari biyu, kowa riƙe da kofi, ba mai ko tari. Dandamalin bai kai gwiwata ba, muna kusa da shi har ina jin ƙarar yatsunsa in sun zame a kan tsirkiya, ina ganin inda fentin jitar ya cinye saboda gugar hannu. Waƙoƙin da abokina ya kunna mini a waya masu kama da faɗan maƙera, ga su nan ya tuɓe su ya bar murya da itace kawai, ashe akwai waƙa a ƙarƙashin hayaniyar. Tsakanin waƙa da waƙa yakan kawo labari, wani lokaci labarin ya fi waƙar tsawo. Wani ƙato da zane har wuya yana gefena yana share hawaye da bayan hannu. Gaskiya mutumin ya iya. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka bar shi yana ta zuba fasaha, ba mai guɗa, ba mai kirari, ba wanda ya motsa ya ba shi ko kwabo. Su a wurinsu shirun nan shi ne girmamawa. Ni kuwa gani nake an yi wa bawan Allah rowa.

Abin da na manta shi ne watan Yuni muke ciki, kuma a Landan rana ba ta faɗuwa sai bayan tara da kwata. A ƙarƙashin ƙasa wa ya san rana? Yana tsakiyar wata waƙa da ya ce ya yi wa mahaifiyarsa da ta rasu, ya sassauta murya har sai ka kasa kunne, sai kiran sallar Magariba ya tashi daga aljihuna. Da cikakkiyar ƙara. Wayar tana aljihun 'yar ciki, ƙarƙashin babbar riga, ga cunkoso hannuna ya kasa shiga. Ina laluba ina gumi, ladan yana ci gaba da aikinsa. Ga kunyar mutane, ga kunyar inda kiran ya same ni. Don Allah wanda ya san gidanmu ya riƙe labarin nan a cikinsa.

Dattijon ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiya, ya tsaya. Bai ɓata rai ba. Ya jira har na kashe, sannan ya ce ko wane ne wannan ya fi shi murya. Ɗaki ya fashe da dariya, ya koma kan waƙarsa daga inda ya tsaya.

To wanda ya yi maka wannan karamci, ai ba ka bar shi haka ba. Da ya shiga waƙa ta gaba, mai ɗan zafi, na ratsa mutum biyu na isa gabansa. Idonsa a rufe. Na zaro fam biyar na manna masa a goshi.

Tun 2016 takardar fam biyar ta Ingila ta zama ta leda, mai hoton Churchill. Leda kuwa ba ruwanta da gumi. Ta sulale ta kan hancinsa, ta bi ƙirji, ta shige ramin jitar kai tsaye. Ya buɗe ido a firgice. Ban karaya ba, na ƙara ta biyu, ita kuma ta yi ƙasa. Ina zaro ta uku na ji ƙafafuna sun bar daɓe.

Ƙaton nan na bakin ƙofa ne. Bai dire ni ba sai a saman matakala. Ina haɗa Turancin da zan kare kaina da shi, sai ya ce, "Haba Alhaji! Nan ba a liƙi."

Ashe ɗan zangon Kumasi ne. Ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce tun da ya ga shaddar nan ya san yau akwai aiki. Shi ya samo mini ruwan gora da wani kwali, ya nuna mini gabas a lungun bayan gidan, na yi Magariba 'yan shan taba na ba ni wuri. Ina sallamewa na ji ƙasa na girgiza, ana buga ƙafa ana ihu. Na ce faɗa ya ɓarke? Ya ce a'a, mawaƙin ne ya yi sallama ya ɓuya bayan labule, su kuma za su yi ta roƙo ya dawo, alhali kowa ya san waƙoƙin dawowar suna rubuce a takardar nan tun farko.

Na ce to tunda ba a liƙi, a taimaka a miƙo mini kuɗina. Ya ce ta cikin jita sai dai in bi mai jita. Na ce ta ƙasan fa? Ya shafa aljihun gaban rigarsa ya ce, "Alhaji, ka taɓa ganin an yi liƙi an dawo karɓa?"