Sati biyu a gidan marayun Nairobi, wai rayuwa ta canza

'Yar yayata ta dawo Jos watan jiya bayan ta yi sati biyu tana aikin sa kai a wani gidan marayu kusa da Kibera a Nairobi, ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara, "Kawu wallahi rayuwata ta canza." Na kuma yarda, don yarinyar da a da ko kofin shayinta sai an ɗauraye mata yanzu ita ke wa ƙannenta faɗa in sun zubar da shinkafa.

To amma rayuwar yaran fa? Ta nuna min hoto a waya, wani ɗan shekara huɗu ya damƙe gefen hijabinta ranar da za ta taho, majina har baki, ita a ganinta ƙauna ce, sai can cikin hira take cewa ai mai kula da su ta ce haka yake wa duk baƙin da suka zo. Wato yaron nan ana yaye shi duk bayan sati biyu kenan, ya saba da fuska a ɗauke, wata ta zo da alawa da kyamara.

Kuma da yawansu ma ba marayu ba ne. Ƙungiyar Save the Children ta faɗa tun 2009 cewa a cikin yara biyar da ke irin gidajen nan a duniya, aƙalla huɗu suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya kai su. A Kambodiya UNICEF ta ce gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, daidai lokacin da 'yan yawon buɗe ido ke tururuwa, inda baƙo zai biya dala ai ba a rasa yaron da za a nuna masa. Abin ya kai a 2018 Ostireliya ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin bautar zamani.

Ban ce kar kowa ya je ba fa, nas ko malamin da zai zauna shekara guda yana aiki ƙarƙashin mutanen garin, wannan daban. Abin da ke ɗaure min kai shi ne a tsallake Jos, garin da rikicin 2001 da 2008 da 2010 ya bar marayu a kusan kowace unguwa, a tsallake yaran da ke kwana a bakin shaguna a Taminus cikin sanyin Disamba ba ko suwaita, a je wata ƙasa don a ga maraya.

Ranar Asabar ni da 'yar yayar tawa muka je kasuwar Farin Gada sayen tumatir, yaron da ya saba ɗaukar mana kwando ya rugo yana "Anti sannu da zuwa, kwana biyu." Na tambaye ta sunansa, ta yi shiru, sai shi ya faɗa da kansa.