Kocin da ya shekara 41 a jami'a ɗaya

Duk mazaunin Amurka ya san yadda ƙwallon jami'o'i ke tsayar da gari cak ranar Asabar. Ba irin tamaularmu ba ce, wannan da hannu ake ɗaukarta, ana kokawa, mutum 11 kowane ɓangare. Cikin waɗanda suka raine ta akwai Amos Alonzo Stagg, haifaffen 1862, wanda ya buga wa jami'ar Yale har sunansa ya shiga jerin gwanayen ƙasa na farko a 1889.

A 1892 jami'ar Chicago ta ɗauke shi koci, ta ba shi matsayin malami cikakke, da sashensa na motsa jiki. Wannan matsayin nake so masu kulob-kulob a gida su duba. A wurinmu koci na faɗuwa sau biyu sai a ba shi wa'adin wasa uku, ga bashin albashi. Mai jiran takardar sallama yaushe zai zauna ya ƙirƙiro wani abu?

Wasan da Stagg ya tarar haɗari ne tsantsa. Dama uku ake ba ƙungiya ta matsa gaba da ƙwallo yadi 5, kuma ba a jefa ƙwallo gaba, don haka kowa sai ya dunƙule a tsakiya a yi ta ture, na ƙasa ya sha tattaka. A 1905 kaɗai 'yan wasa aƙalla 18 suka mutu. Gyaran 1906 ya mai da tazarar yadi 10, ya halatta jifa gaba, amma in ƙwallon ta faɗi ba wanda ya taɓa, ta koma hannun abokan hamayya. Koci da yawa suka ji tsoron wannan sabuwar hanya. Stagg ya zauna ya tsara mata dabaru. Tun yana Yale ma ya naɗe katifa ya rataye, domin a koyi kayar da mutum ba tare da an karya abokin atisaye ba.

Jami'ar Chicago ma dai ta yi masa ritayar dole bayan kakar 1932, wai shekara 70 ta yi. Ya tattara ya koma kwalejin Pacific a Kalifoniya, inda aka zaɓe shi gwarzon kocin shekara a 1943 yana da shekara 81. Ya rasu a 1965, yana da 102.