Hoton MRI na dukan jiki ga mai lafiya: a yi hattara

Wani labari ya ce hoton MRI, wanda muke kira IRM a nan Maraɗi, yana gano cuta tun kafin ta bayyana. Akwai gyara. Gaskiya ne na'urar da maganaɗisu take aiki, mai ƙarfin tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 1.5 ko 3, ba ta da tiririn da hoton ƙashi ke da shi. Amma matsalar ita ce tana ganin abin da bai shafi kowa ba: 'yan ƙullutun ruwa a hanta ko ƙoda, ƙari marar illa a maƙogwaro. Daga nan sai ƙarin hoto, wani lokaci har a tsaga a ɗebi tsoka, ga fargaba ga kashe kuɗi. Kuma ƙananan ƙari a huhu kan kuɓuce mata, ba ta kuma maye gurbin awon mahaifa ko na hanji. A 2023 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar yin sa ga marasa alamar cuta.

Mai waldi da ƙarfe ya taɓa faɗa wa ido, ko mai na'urar bugun zuciya, ya faɗa kafin a shigar da shi. Mu dai nan, awon hawan jini, siga da ciwon hanta nau'in B ya fi gaggawa.